Masu Bin Sawun Kalma

Tsoho a garin Garwa, idan ya ji labarin da ya fi ƙarfin hankalinsa, yakan riƙe baki ya ce, "Wannan abin al'ajabi ne." Yara sun fi sabawa da kalmar mamaki, amma masanin asalin kalmomi da ya ji al'ajabi sai ya shiga bin sawunta, kamar yadda makiyayi ke bin sawun saniyar da ta ɓace.

Farko yakan ware "al" ɗin da ke gaba, domin harafin Larabci ne da ya manne wa kalmar tun shigowarta, kamar a alƙali da alƙalami. Abin da ya rage shi ne ajab, saiwar da ta haifi ta'ajibi ma. A nan gwani ke bambanta da mai shaci-faɗi. Wanda bai iya ba zai haɗa da mu'ujiza, tunda ita ma mamaki take sa wa. Gwani ya san saiwarta ajz ce, wato gazawa, abin da ya gagari mutane. Kama da wane ba ta wane, sai an ga hujja a sauti da ma'ana.

Garwa makaranta ce ga mai wannan sana'a, don Fulatanci da Hausa da Faransanci suna cuɗanya a kasuwa ɗaya. Bafulatani na kiran littafi deftere, daga daftar na Larabci, wadda Bahaushe ya mayar daftari. Ɗan makaranta kuwa na cewa étonner da Faransanci idan ya yi mamaki, kuma asalinta tonare ce ta Latin, wato tsawa. Daga tsohon Faransanci Ingilishi ya aro astonied, kalmar da yau sai a tsofaffin littattafai: mutumin da ya sandare kamar aradu ta faɗo kusa da shi.

Aikin na bukatar haƙuri da kunne. Bargery ya fitar da ƙamusun Hausa a 1934, shekarar da aka haifi Eldridge Mohammadou a Garwa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tattara tarihin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, daga bakin dattawa. An wallafa ƙamusun Fulatancin Diyamare na Dominique Noye a 1989. Dukansu sun zauna gaban tsofaffi, sun saurara, sun rubuta, sun sake tambaya.

Shi ya sa nake girmama masu wannan ilimi. Daga kalma ɗaya ta bakin kakanmu sukan nuna mana hanyar da malamai da fatake suka biyo har suka iso bakin Binuwai, inda Garwa take.