Kaye da Gangan: Abin da Ya Sami Masoyan Sabres na Buffalo

Daga cikin al'adun da suka ɓullo a fagen wasannin Arewacin Amurka a wannan zamani, babu wadda ta fi sosa mini rai, ko ta fi cancantar a tsaya a dube ta da idon basira, kamar wannan da shugabannin ƙungiya za su zauna su ƙulla shawara cewa maslahar ƙungiyarsu a bana ita ce ta sha kaye, su raunana ta da hannunsu, sa'an nan su waiwayo su nemi masoyanta su biya kuɗin shiga fili, su yi haƙuri, har ma su taya su murnar faɗuwa. Al'adar ta yi tsamari a ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wato hoki, kuma ƙungiyar da ta fi kowa kurɓar ɗacinta ita ce Sabres ta birnin Buffalo a jihar New York, dab da iyakar Kanada.

Wajibi ne mai karatu ya fara sanin inda ɓarakar take. Wasa ne da ake yinsa mutum shida-shida, har da mai tsaron gida, a kan daskararren ruwa, kowa sanye da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, yana koro wani ɗan faifan roba baƙi da sanda mai lanƙwasa. Babbar gasarsa ita ce NHL, wadda ta haɗa ƙungiyoyin Amurka da na Kanada, kuma a ƙarshen kowace kaka ƙungiyoyi 16 ne ke shiga zagayen neman Kofin Stanley. To, a gasar ƙwallon ƙafa irin wadda muka saba da ita, wanda ya ƙare a ƙasan teburi faɗawa yake yi rukunin ƙasa, kamar yadda ya sami Kano Pillars a 2022 duk da tarin kofunanta, saboda haka tsoron wannan ƙasƙanci kaɗai ya isa ya hana kowa sakaci. A NHL kuwa babu faɗuwa ƙasa ko kaɗan. Hasali ma wanda ya zo ƙarshe shi ake fifitawa wajen zaɓen sababbin matasan 'yan wasa da ake yi duk shekara, da niyyar a tallafi mai rauni don kada masu ƙarfi su danne shi har abada. Niyya ce kyakkyawa, babu shakka, amma ta buɗe wata ƙofa, domin duk shekarar da aka ji labarin wani yaro mai baiwa ta musamman, sai zama na ƙarshe ya koma abin nema. An yi ta zargin Pittsburgh da haka a 1984 saboda Mario Lemieux, an zargi Ottawa a 1993, har aka kawo tsarin ƙuri'a a 1995 don kada na ƙarshe ya sami tabbacin zaɓin farko.

Mutanen Buffalo ba baƙin baƙin ciki ba ne. Birni ne na masana'antun ƙarfe da dusar ƙanƙarar da ke tasowa daga tafkin Erie, wanda yawan jama'arsa ya kai kusan 580,000 a 1950, amma da masana'antu suka durƙushe ya ragu har ƙasa da rabin haka, kuma a irin wannan gari ƙungiyar wasa takan zama ɗaya daga cikin 'yan abubuwan da suka rage mutane suna taruwa a kansu su ji su wani abu ne. An kafa Sabres a 1970. A 1975 ta kai zagayen ƙarshe, da Gilbert Perreault da Rick Martin da René Robert, ta faɗi a hannun Philadelphia. A 1999 ta sake kaiwa, da Dominik Hasek yana tsaron gida, aka yi ta fafatawa da Dallas a wasa na shida har ƙarin lokaci na uku, kafin Brett Hull ya zura wadda ta raba gardama alhali ƙafarsa tana cikin da'irar mai tsaron gida, abin da mutanen Buffalo suka tsaya a kan cewa dokar wannan kaka ta haramta, kuma ba su daina faɗa ba. A 2007 ta fi kowa maki a gasar, amma a rana guda, 1 ga Yuli, ta rasa kaftin ɗinta biyu, Chris Drury da Daniel Brière. Duk waɗannan musibu ne, sai dai musibu ne masu mutunci, irin waɗanda uba zai zaunar da ɗansa ya ba shi labarinsu kansa a ɗage, domin a kowannensu ƙungiyar ta yi iyakar ƙoƙarinta, kaye ya zo mata daga waje.

Abin da ya biyo baya wani jinsi ne dabam. A Fabrairun 2011 attajirin iskar gas Terry Pegula ya sayi ƙungiyar, ya shelanta cewa dalilin wanzuwarta shi ne cin Kofin Stanley, ya kuma buɗe bakin aljihu. Da kuɗi bai biya bukata ba, sai aka juya akala. A 2013 aka sallami Lindy Ruff, kocin da ke riƙe da ita tun 1997, babban manaja Darcy Regier ya gaya wa magoya baya a fili cewa sai an sha wahala tukuna, aka shiga rabuwa da manyan 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, Jason Pominville da Thomas Vanek da mai tsaron gida Ryan Miller. A kakar 2014 zuwa 2015 al'amarin ya kai maƙura, domin duniyar hoki duka ta san akwai wani yaro ɗan Kanada, Connor McDavid, wanda ba a ga irinsa ba tun Sidney Crosby, da kuma Jack Eichel ɗan Amurka a bayansa. Ana cikin kakar, manaja Tim Murray ya musanya masu tsaron gidansa biyu, Jhonas Enroth da Michal Neuvirth, kuma abin da jama'a suka fahimta shi ne laifinsu bai wuce suna tare ƙwallo fiye da yadda ake bukata ba.

Daren 26 ga Maris 2015 shi ne wanda ya kamata a rubuta a ajiye. Arizona ta zo Buffalo, ita ma tana can ƙasan teburi, ana rige-rigen zama na ƙarshe. Da wasa ya shiga ƙarin lokaci Sam Gagner na Arizona ya zura ƙwallo, sai wani sashe mai yawa na 'yan kallo, mutanen gari, sanye da rigar Sabres, suka miƙe suna shewa da tafi. Mike Weber, ɗan bayan ƙungiyar, wanda aikinsa ya haɗa da tare faifan nan mai tauri da jikinsa idan an harbo shi, ya fito bayan wasa ya gaya wa 'yan jarida cewa abin ya kai wani ƙasƙancin da bai taɓa gani ba. Ni ina tare da shi. Ɗan wasa a wannan sana'a yana zubar da haƙora, yana karya ƙashi, yana ɗaukar bugun kai da zai iya bibiyarsa har tsufa, kuma abin da ke tsakaninsa da mai kallo alkawari ne wanda ba a rubuta ba: ni in ba da jikina, kai ka ba da zuciyarka. Ranar da ya ɗaga kai ya ga mutanen da yake yi dominsu suna murnar an zura masa, wannan amana ta warware.

Na san hujjar waɗanda suka yi tafin, kuma ba zan raina ta ba, domin ba jahilai ba ne, mutane ne da suka yi lissafi. Suna cewa zama a tsakiyar teburi shi ne mafi munin matsayi, ba ka kai ga kofi ba, ba ka kuma sami yaron kirki ba. Suna kawo misalin Pittsburgh da ta sami Crosby da Malkin bayan shekarun ƙunci, da Chicago da ta sami Jonathan Toews da Patrick Kane, shi Kane ɗin ma haifaffen Buffalo ne, kuma kowace ta ci kofi uku da su. Suna ƙarawa da cewa tun da aka kafa iyakar albashi a 2005 ba a iya sayen nasara da kuɗi, kuma manyan 'yan wasa masu 'yancin zaɓar inda za su ba su cika son zuwa garin sanyi da haraji mai nauyi ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma na yarda babban laifin na tsarin ne da masu ƙungiya. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shugabanni ba za su iya wannan aiki ba sai sun tabbata masu kallo za su ba su uzuri, kuma tafin wannan dare shi ne fatawar da suke jira.

Sa'an nan a dubi abin da aka saya da wannan tsada. Malaman fiƙihu sun hana cinikin tsuntsun da ke sama da kifin da ke cikin ruwa saboda gararin da ke ciki, kuma wannan ciniki bai fita daga wannan babi ba, domin wanda ya zo ƙarshe a wannan shekara kashi 20 cikin ɗari kawai yake da shi na samun zaɓin farko. Sabres ta zo ƙarshe da maki 54, aka yi ƙuri'a, McDavid ya faɗa hannun Edmonton. Buffalo ta ɗauki Eichel, wanda shi ma gwani ne na haƙiƙa, sai dai an kawo shi gidan da aka rushe ginshiƙansa da gangan, babu dattawan 'yan wasa da za su nuna masa hanya, babu ɗabi'ar nasara da zai tarar. Tsakanin tafiyar Ruff da dawowarsa a 2024 an yi koci shida. A 2021 ƙungiyar ta yi wasa 18 a jere ba ta ci ko ɗaya ba. Daga kakar da ta ƙare a 2012 zuwa wadda ta ƙare a 2025, kaka goma sha huɗu cur, ba ta leƙa zagayen kofi ba, fari mafi tsawo a tarihin gasar, alhali a cikin waɗannan shekaru ta sami zaɓin farko har sau biyu, Rasmus Dahlin a 2018 da Owen Power a 2021.

Abin da ya fi cin ran masoyi kuwa shi ne ganin abin da ke samun waɗanda suka bar gidan. Ryan O'Reilly ya ce a 2018 ya wayi gari son wasan yana fita daga ransa saboda an saba da kaye. Aka musanya shi zuwa St. Louis, shekara na zagayowa ya ɗaga kofi, aka kuma zaɓe shi gwarzon zagayen. Eichel, bayan doguwar jayayya da ƙungiyar a kan irin tiyatar da za a yi masa a wuya, ya tafi Vegas a 2021, ya ci kofi a 2023. Sam Reinhart, wanda aka ɗauka na biyu a 2014, ya koma Florida, shi ya zura ƙwallon da ta ba ta kofi a wasa na bakwai a 2024. Mutanen dai su ne, hannayen su ne; abin da ya sauya shi ne muhallin da aka sa su. Wannan a wurina dalili ne yankakke cewa sabo da kaye cuta ce mai shiga jini, wadda ba ta fita don kawai manaja ya ce yau an gama, a fara cin wasa.

Har gabar da ke tsakanin ƙungiyoyi, wadda ita ce gishirin kallon wasa, ba ta tsira ba. Toronto ba ta fi tafiyar awa biyu a mota daga Buffalo ba, kuma saboda yawan 'yan kudancin Ontario da ke tsallako gadar Peace su zo kallo, a filin Sabres ana rera taken Kanada tare da na Amurka a kowane wasa. A da, ɗan Buffalo yana da abin faɗa idan suka haɗu da ɗan Maple Leafs, ƙungiyar Toronto: ya tuna masa cewa rabonsu da kofi tun 1967, ya tuna masa 1999 da Sabres ta fitar da su a wasa biyar. Amma da fari ya yi tsawo, masu tikitin kaka suka riƙa sayar da kujerunsu ga 'yan Toronto, waɗanda kallo a Buffalo ya fi musu araha nesa ba kusa ba, har ya zama idan Leafs ta zo, sai fili ya cika da shuɗi da fari, ɗan gida ya zama baƙo a ɗakinsa. Kuma Toronto ɗin ma ta bi wannan hanya a 2016, ta zo ƙarshe, ita kuwa ƙuri'a ta faɗa mata ta ɗauki Auston Matthews, abin da ya ƙara wa ɗan Buffalo gishiri a miki, ya kuma ƙara nuna cewa sa'a ce ke raba wanda za a kira mai hikima da wanda za a kira wawa. Gabar Ottawa, wadda ta kai ga dambe har tsakanin masu tsaron gida a Fabrairun 2007, ta huce, domin ba a gaba da wanda ba ya hana ka komai.

Hukumar NHL ta yi ta gyara ƙuri'ar, ta rage rabon na ƙarshe, ta kuma hana ƙungiya cin ta fiye da sau biyu cikin shekara biyar, amma duk wannan rage zafi ne, tunda har yanzu kaye shi ke ƙara wa mutum rabo. Gyaran da na gamsu da shi shi ne wanda wani mai nazari, Adam Gold, ya gabatar a 2012: daga ranar da lissafi ya tabbatar ƙungiya ba za ta shiga zagayen kofi ba, sai a fara ƙirga mata makin da take ci, wadda ta fi tara maki ita ke da zaɓin farko. Mai rauni na gaske zai fita da wuri, ya sami wasanni masu yawa na tarawa, saboda haka tallafin bai ɓace ba, amma kowane mai kallo zai shiga fili yana roƙon ƙungiyarsa ta ci. Gasar mata ta PWHL, wadda ta fara wasa a Janairun 2024, ta ɗauki wannan tsari tun kakarta ta farko, kuma da shi ƙungiyar New York ta sami zaɓin farko ta ɗauki Sarah Fillier. Ina ganin ya wajaba NHL ta bi sawunsu, kuma magoya bayan Buffalo, waɗanda suka biya wannan darasi da shekara goma sha huɗu na rayuwarsu, su suka fi kowa haƙƙin matsa mata lamba a kai.