Aikin Jaridar Wasanni Ba a Fara Shi Daga Kan Gado

Duk wanda ke buɗe Facebook da sassafe a 'yan shekarun nan ya san yadda abin yake. Kafin rana ta ɗaga, shafuka goma ko fiye sun kawo labari ɗaya: wane zai bar Chelsea, Real Madrid na zawarcin wane, an cimma yarjejeniyar baka, saura gwajin lafiya. Hoto ɗaya ne, jimlolin ɗaya ne, wani lokaci har kuskuren rubutun ma ɗaya ne, domin wani ya kwafa daga wani, shi ma ya kwafo daga wani. A ƙarƙashin sunan mai shafin kuwa za ka ga an rubuta "ɗan jaridar wasanni". Ta wannan ƙofar ce yawancin matasanmu ke shigowa sana'ar yanzu, kuma ina ganin ƙofa ce da ba ta kai mutum cikin gida.

Ba ƙyashin yaran nake yi ba. A da, in kana son muryarka ta fita, sai ka samu shiga Rediyon Tarayya na Kaduna, ko Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa a Zariya tun 1939, ko kuma in Allah ya ɗaga ka, sashen Hausa na BBC. Gurbin kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma wanda ba shi da wani a ciki yakan tsufa yana jira. Yau yaro a Funtuwa ko Gumel ko Damagaram yana da waya, yana da masu sauraro, ba wanda zai ce masa dakata. Wannan alheri ne. Sha'awar da mutanenmu ke wa ƙwallon Turai ma ta gaske ce. Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallo ranar da Barcelona za ta kara da Real Madrid ya san ba ƙirƙirar ta aka yi ba. Dole a samu masu ba su labarinta da Hausa, kuma yin hakan da kyau aiki ne mai daraja.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka ɗauki kwafe da fassara a matsayin su ne aikin gaba ɗaya. Fabrizio Romano, ɗan Italiyan da kusan kowa ke ɗebo labarin cinikin 'yan wasa daga shafinsa, ba daga sama labarin ke faɗo masa ba. Tun yana matashi yake bin dillalan 'yan wasa da jami'an ƙungiyoyi, yana tara lambobin waya, yana kira ana ƙin ɗauka yana sake kira. Abin da ya mallaka shi ne mutanen da ke gaya masa magana kafin kowa ya ji. Wanda ke kwafe daga gare shi ba ya da ko ɗaya daga cikinsu. In labarin ya zama ƙarya ba shi da hanyar ganewa, in an tambaye shi ƙarin bayani sai ya koma ya jira a sake wallafawa. Zai iya shekara biyar a haka, ya tara mabiya masu ɗimbin yawa, amma babu koci ɗaya da ya san muryarsa, babu ɗan wasa ɗaya da zai kira shi ya ce an hana mu albashi. Ga shi kuma manhajojin fassara na ƙara ƙwarewa kullum. Aikin da na'ura za ta yi cikin daƙiƙa biyu ba zai riƙe mutum har tsufa ba.

Alhali ga labarai nan zube a ƙofar gida. A 2009 Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, bayan kunnen doki ɗaya da ɗaya a Najeriya da biyu da biyu a Alƙahira, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta cire ta. Ta ci gasar Najeriya a 2008, sannan ta jera uku a 2012, 2013 da 2014. Daga 2003 zuwa 2015 ta buga wasa 202 na gasar a gida ba a doke ta ba, sai da Nasarawa United ta zo ta karya lagon. Mutanen da suka yi wannan aikin da yawansu suna nan da ransu, wasu kana iya cin karo da su a masallacin unguwa. Yaya aka yi tafiyar Alƙahira? Me koci ya ce musu a hutun rabin lokaci? Nawa aka yi musu alkawari, nawa suka karɓa? Yaron da zai zauna da su da na'urar ɗaukar murya, ya rubuta wannan da Hausa mai daɗi, ya fi ƙarfin kwafe, domin babu wani a Landan ko Madrid da zai riga shi.

Haka labarin faɗuwa. A kakar 2022 Pillars da Katsina United suka faɗa rukunin ƙasa tare, a shekarar da aka farfasa motar 'yan Katsina bayan wasansu a filin Sani Abacha, aka ci Pillars tara aka kuma zabtare mata maki. An yi ta cacar baki a kafafen sada zumunta, kowa na kare garinsu. Tambayoyin da ɗan jarida ya kamata ya bi kuwa suna nan har yau. Galibin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, da kuɗin jama'a ake tafiyar da su, saboda haka jama'a na da haƙƙin sanin nawa aka ware da inda suka shiga. Wa ke naɗa shugabannin ƙungiya, kuma bisa wace cancanta? Me ya sa kukan rashin biyan albashi da alawus ba ya ƙarewa? In an sayar da ɗan wasa waje, ina kuɗin? Su wane ne dillalan da ke karɓar kuɗin iyaye da sunan za su kai yaro gwaji Turai, daga baya a ji shi ya maƙale a wata ƙasa ba ƙungiya ba kuɗin dawowa? Ko tafiye-tafiyen da 'yan wasa ke yi a mota daga Maiduguri zuwa Fatakwal labari ne mai zaman kansa. A watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyarta ta zuwa Owerri, 'yan wasa suka jikkata.

Wani zai ce wannan ai aikin manya ne, shi sabon shiga ina zai fara? Daga filin da ya fi kusa da gidansu. Ya je tun kafin a fara, lokacin da ake zuba farar toka ana ja layi, ana ɗaura raga. Ya nemi takardar sunayen 'yan wasa a hannun sakataren kowace ƙungiya, ya tambayi kowane yaro yadda ake rubuta sunansa da garin da ya fito, don laƙabi kaɗai ba ya isa: kowace unguwa tana da nata Messi. Ya samu gefe ya tsaya da littafi da biro, ya rubuta minti nawa aka ci, wa ya bayar, wa aka canza, me ya jawo jan kati. In an tashi, kowa zai ruga wurin waɗanda suka yi nasara; shi ya fara zuwa wurin kocin da aka ci, wanda ke zaune kan benci yana kwance igiyar takalmi, ya yi masa tambaya ɗaya takamaimai. Kada ya ce yaya ka ga wasan. Ya ce me ya sa ka cire lamba takwas alhali shi ke riƙe da tsakiya. Amsar da zai samu ita ce labarinsa, kuma babu shafin da ke da ita sai nasa. In ya yi haka kaka guda, littafin nan ya zama taska: ya san wanda ya fi cin ƙwallo, ya san yaron da ke tasowa tun kafin a san shi. Ahmed Musa da ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Pillars kafin ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, da Zaidu Sanusi, da Umar Sadiq, da Shehu Abdullahi, duk a irin waɗannan filayen masu ƙura suka fara. A cikin yaran da ke buga gasar Ramat a Kano ko gasar unguwanni a Kaduna akwai na gaba, kuma wanda ya rubuta sunansa da farko ba zai rasa lambarsa ba ranar da ya zama wani.

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai, wato dambe da kokawa. A nan ne Bahaushe ke da abin da duniya ba ta da shi, kuma a nan ne rubutunmu ya fi ƙaranci. Ka je gidan dambe da yamma, a Dei-Dei ta Abuja ko a Kano. Ɗan dambe na zaune an miƙe masa hannu ana naɗa zare, makaɗi na kiran sunansa da na ubangidansa, shi kuma jikinsa na tsuma. Ga Kudu, ga Arewa, ga Guramada, kowane ɓangare da mutanensa. Sunayen kansu tarihi ne: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, suna gaya maka hannun da mutum ya fito. A yi turmi uku, ko a yi kisa ko a raba babu kisa, 'yan kallo su yi ta liƙi. Gobe in ka tambaya sau nawa waɗannan biyun suka taɓa sa zare, wa ya fi kashe wani, sai gardama ta kaure, domin abin a ka yake, ba a takarda ba. Abin da ya rage mana na ɗan dambe Shago, yawancinsa a bakin makaɗi Ɗan Anace ya rage. Makaɗa sun yi nasu, sun adana mana jarumai, amma makaɗi wasa gwaninsa yake yi, ba a sa ran ya kawo ranar da aka buge shi. Wannan aikin ɗan jarida ne. Yanzu bidiyon dambe na samun miliyoyin masu kallo a YouTube, kafafen ƙasashen waje na zuwa da kyamarori, amma nawa ɗan damben ke samu daga ciki? Wa ke duba lafiyar wanda ya sha kisa ya suma? Ina tsofaffin 'yan damben da hannu ya mutu, ido ya tafi? A Nijar gasar Takobi ta kokawa, da aka fara a Tawa a 1975, takan tsayar da ƙasar cak, rediyo da talabijin na watsa ta kai tsaye, kowa ya san jerin sarakunan da jihohinsu. Wannan ya nuna wasan gargajiya na ɗaukar tsari da lissafi in an ba shi.

Na san amsar da matasan za su ba ni, kuma tana da nauyi: kuɗi. Data ta fi kuɗin mota araha. Labarin Ronaldo zai jawo dubban masu tsokaci cikin awa ɗaya, rahoton wasan Wikki Tourists kuwa mutum ɗari ma sai an yi sa'a. Gidajen rediyo da yawa suna riƙe yaro shekara da shekaru a matsayin mai neman sanin makamar aiki ba tare da albashi ba. Ban ce kowa ya watsar da ƙwallon Turai ya zauna da yunwa ba. A yi ta, a ci abinci da ita, amma a ware ko da yini ɗaya a mako a je fili. Mabiya na zuwa suna tafiya, shafi kan rufe dare ɗaya, amma edita in zai ɗauki ma'aikaci, rahoton da mutum ya samo da ƙafarsa yake nema ya gani.

Yunwar nan ce kuma ke buɗe ƙofofi biyu da nake roƙon sabon shiga ya kiyaye. Ta farko ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taron manema labarai da sunan kuɗin mota. Wanda shugaban ƙungiya ya saba sa wa hannu a aljihu ba zai iya rubuta cewa 'yan wasa na bin bashin wata huɗu ba, kuma 'yan wasan sun san shi, ba za su gaya masa ba. Ta biyu tallar caca. Shafukan wasanni da yawa sun koma raba lambobin caca da hasashen sakamako, suna karɓar kamasho a kan duk yaron da ya yi rajista ta hannunsu. Abin ya yi ƙamarin da a 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, amma shagon da ke cikin waya ba a sa masa kwaɗo. Wanda mutane suka amince da shi don ya san ƙwallo, sannan ya yi amfani da amincin ya tura 'ya'yansu caca, ya ci amana, ko da kuwa doka ba ta kama shi ba.

Ba duka laifin yaran ba ne. Mu da muka riga su muna da kaso babba. Shirin wasanni na awa guda a yawancin tashoshinmu, kusan dukkansa Firimiya ce da La Liga da muhawarar wa ya fi wani tsakanin Messi da Ronaldo, sai a ƙarshe a karanto sakamakon gasar gida a gurguje. Yaro abin da ya ji ana yi shi zai kwaikwaya. Sassan koyar da aikin jarida a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da kwalejojin kimiyya da fasaha suna yaye ɗalibai duk shekara. Ya kamata kowane ɗalibi, mace ko namiji, a tura shi ya kawo rahoton wasa ɗaya da ya gani da idonsa kafin ya fita, domin babu inda ake koyon rubutu cikin gaggawa da tantance gaskiya kamar nan. Ƙungiyar marubuta wasanni ta SWAN tana da rassa a jihohi. Haɗa sabon shiga da tsohon hannu da zai riƙa duba masa rubutu ba ya buƙatar kasafi. Masu gidajen rediyo kuma su ware kashi ɗaya cikin huɗu na shirin wasanni ga abin da ya faru a jiharsu, su biya wa wakili kuɗin mota daga aljihun tasha, don kada ya tsaya jiran na shugaban ƙungiya.