Zanen Zamani a Nijeriya da Kasuwarsa

Zanen zamani salo ne da ya ɓullo a Turai a ƙarshen ƙarni na 19, ya ci zamaninsa har zuwa shekarun 1960. Kafin nan, gwanin zane shi ne wanda zai fitar da mutum ko doki kamar ya yi motsi. Da kyamara ta fito a 1839 ta karɓe wannan aiki, sai masu zane suka koma neman abin da ita ba za ta iya ba. A birnin Paris, Henri Matisse ya shafa kore a tsakiyar fuskar matarsa a 1905. Bayan shekara biyu Pablo Picasso ya zana mata biyar a karkace, biyu daga cikinsu da fuskoki irin na katako da ake sassaƙawa a Afirka. A Jamus kuma, makarantar Bauhaus da aka buɗe a 1919 ta kai wannan tunani kan kujera da fitila da gini, inda aka rage ado aka bar amfani ya tsara siffa.

A Nijeriya abin ya bi wata hanya dabam. Aina Onabolu na Legas ya duƙufa kan zanen kamanni ne, don ya ƙaryata masu cewa baƙar fata ba zai iya ba. Ben Enwonwu, haifaffen Onitsha da ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan, ya haɗa horon Turai da rawa da sassaƙar Ibo, ya shahara har ya yi mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1957. Amma juyin da ya fi tasiri a Zariya aka yi shi. A 1958 wasu ɗaliban Kwalejin Fasaha da Kimiyya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar da daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ƙorafinsu shi ne malamansu Turawa suna koyar da su tamkar a Ingila suke zaune. Ba su ce a watsar da fenti da burushi ba, cewa suka yi kowa ya koma ga gadon gidansu ya sarrafa shi da sababbin kayan aiki. Okeke ya ɗauko zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Grillo ya yi fice da shuɗi da shunayya da dogayen siffofin matan Legas. Nwoko ya karkata ga gine-gine, har aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin gine-gine na Venice a 2023. Abin lura, a Arewa aka kunna wutar, amma yawancin masu ita 'yan Kudu ne, kuma can ayyukan nasu suka koma.

Shekaru masu yawa waɗannan zane-zane suna rataye a ofisoshi da falon 'yan boko da gidajen Turawan da suka yi aiki a ƙasar, babu mai kallonsu a matsayin dukiya. Lamarin ya soma sauyawa da kamfanin Arthouse Contemporary ya fara gwanjo a Legas a 2008. A 2017 aka gano zanen Enwonwu mai suna Tutu, hoton wata gimbiyar Ife da ya yi a 1974, a wani gida a arewacin Landan. Kamfanin gwanjo na Bonhams ya ƙiyasta shi tsakanin fam 200,000 da 300,000, amma a Fabrairun 2018 aka saye shi kan fam miliyan 1.2. Shekara ta zagayo, wani zanensa mai suna Christine ya kai fam miliyan 1.1 a gidan gwanjo na Sotheby's.

Kyau kaɗai ba ya kai zane wannan farashi. Tunda zanen zamani ya rabu da kamanni, mai saye ba shi da ma'aunin da ido zai riƙe, sai ya dogara da suna da shekara da salsala. Zanen da ɗan ƙungiyar Zariya ya yi a farkon shekarun 1960 yakan fi wanda ya yi da tsufansa tsada, ko da na bayan ya fi ƙwarewa, saboda na farkon ne ke cikin littattafan tarihi. Salsala kuwa kamar isnadi take a wajen malaman hadisi: wa ya karɓa daga hannun mai zanen, wa ya gada, wa ya sayar, a wane baje koli aka nuna shi. Shi ya sa ƙwararren dillali yakan fara juya zane ya duba bayansa. Can ake ganin tambarin gidan baje koli, da rubutun fensir, da tsatsar ƙusoshi, da dafewar ƙyalle. Ƙyallen da yake fari tas a zanen da aka ce ya shekara sittin abin tuhuma ne. Sa hannu shi ne mafi rauni cikin hujjoji, domin shi ya fi sauƙin kwaikwayo.

Jabu yana bin kuɗi duk inda suka taru. A Jamus, Wolfgang Beltracchi ya daɗe yana sayar da zane-zane da sunan manyan masu zanen farkon ƙarni na 20, har da tsofaffin hotunan iyali na bogi don ƙulla musu salsala. Gwajin sinadarai ne ya tona shi, da aka sami wani farin fenti na titaniyam a zanen da aka ce na 1914 ne, alhali ba a fara sayar da irinsa ba a lokacin. An ɗaure shi a 2011. Inda ba a kammala tattara cikakken kundin ayyukan mai zane ba, nauyin tantancewa yakan koma kan iyalansa ko gidauniyarsa, kuma wannan giɓi ne babba a kasuwar Nijeriya.

Farashin da aka buga guduma a kai ba shi ne ƙarshen biya ba. Manyan gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye la'ada da takan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ga kuɗin dako da inshora. Mai ƙaramin ƙarfi yakan fara da zanen bugawa, irin wanda Onobrakpeya ya ƙware a kai, inda ake buga kwafi ƙayyadaddu a rubuta lamba da fensir a ƙasa, misali 12/50, wato na sha biyu cikin hamsin. Bayan saye sai adanawa: danshin Legas yana kawo fumfuna, bushewar hunturu a Arewa tana tsattsage fenti, hasken rana yana koɗar da launin da ke kan takarda, gara kuma tana cin katakon firam ta baya inda ba a dubawa.