Wa Ke Gani, Kamara ko Mai Riƙe da Ita? Sharhi a kan Fina-finan Ƙungiyoyin Al'adu

A jikin kusan kowace ƙaramar kamarar bidiyo akwai wani maɓalli, sau da yawa kore, wanda mai kanti kan nuna wa mai saye tun kafin a gama ciniki. Sai ya ce masa: danna nan, sauran aikin na kamara ne. Wannan shi ne tsarin otomatik. Tun daga fitowar kaset ɗin MiniDV a 1995, har zuwa kamarorin kati da wayoyin hannu na yau, fina-finai da yawa na ƙungiyoyin al'adu da na ƴan makaranta a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai a kan wannan tsari aka ɗauke su. Duk wanda ya saba kallon irin waɗannan ayyuka ya san alamun: fuskar mai magana ta dushe, bangon ƙasa ya koɗe, hoto yana lumshewa yana buɗewa, sautin ganga ya dagule. Akan ɗora laifin a kan talauci, a ce kayan aiki ne ba mu da su. Wannan sharhi yana so ya nuna cewa babban rabo na laifin yana ga zaɓin da aka yi, ko aka ƙi yi, kafin a fara ɗauka, kuma zaɓin nan ya shafi mutuncin waɗanda ake ɗauka.

Mu fara da haske, domin nan ne ɓarnar ta fi yawa. Ma'aunin hasken da ke cikin kamara ba ya bambanta mutum da bango. Abin da yake yi shi ne ya tattara hasken da ke cikin hoto gaba ɗaya, ya daidaita shi da wani matsakaicin toka-toka, wanda masu sana'ar hoto suka daɗe suna ƙiyasta shi da abin da ke mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. To, a kawo dattijo baƙi, sanye da farar babbar riga da farin rawani, a zaunar da shi a tsakar gida da azahar. Farin ya cika hoto, sai kamara ta ɗauka haske ya yi yawa, ta tsuke ƙofar haskenta. Rigar ta fito da kyau har da zanen aikinta, fuskar kuwa ta koma inuwa, babu ido babu murmushi, tsagar gadon ma ba a ganinta. An adana tufafi, an yar da mai su. Haka yake faruwa idan aka tsayar da mutum a bakin zaure rana na bayansa: sararin waje ya fito sarai, mutumin ya zama kamar kututture.

Matsalar ta girmi bidiyo. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa rarraba wa ɗakunan wanke hoto wani katin gwaji mai hoton mace farar fata, wanda aka sani da sunan Shirley, domin a daidaita launi da shi, kuma an shafe shekaru da dama kafin a fito da irinsa mai ɗauke da fatu daban-daban. Ba lallai ba ne a zargi injiniyan da ya ƙera kamarar yau da mugun nufi. Ya isa a gane cewa kowane tsari na otomatik hasashe ne da wani ya yi a wata ƙasa, a kan abin da yake tsammani za a nuna wa kamara. Ranar Sahel da farar shadda da baƙar fata a hoto guda suna daga cikin abubuwan da suka fi ba wannan hasashe wuya. Maganin kuwa ba ya cin ko dala: a matso da kamara har fuska ta cika hoto, a auna hasken a kanta, a kulle shi da hannu, sannan a ja da baya. Idan rigar ta ɗan ƙone da haske, ta ƙone. In kuwa da hali, a mayar da dattijon gindin bishiya, a sa yaro ya riƙe farin zane ko faifai mai rufin takardar azurfa ya maido masa da haske a fuska.

Launi ma haka ne. Hasken rana tsaka yana kusan ma'aunin Kelbin 5,500, ƙwan lantarki mai zare kuwa yana wajen 3,000, shi ya sa ɗaya ke fari-fari ɗaya ke ja-ja. Idon mutum yana gyara wannan bambanci da kansa, kamara kuwa sai an nuna mata abin da ake kira fari. Idan aka bar ta, takan ɗauka cewa launukan da ke gabanta, in an cakuɗa su, ya kamata su ba da toka-toka. Sai ta ga jan bangon unguwar Birni a Damagaram, ko jan yashin fage, ta ɗauke shi kuskure, ta zuba shuɗi domin ta kashe shi. Bango ya koɗe, fata ta yi toka kamar ta mai jinya. A lokacin hunturu kuma takan yi ƙoƙarin wanke hazon buji, wanda shi ne ainihin launin wannan lokaci. Farar takarda guda da aka nuna wa kamara a inda ƴan wasa za su tsaya ta isa ta kawar da wannan duka, matuƙar an sake nuna mata duk lokacin da aka canja wuri.

Sauran laifuffukan sanannu ne. Saitin gani na otomatik yana bin abin da ya fi kusa ko ya fi fitowa fili, don haka akuya ta gifta ko ƙura ta tashi, sai ya saki fuskar mai magana ya bi su. Zum, wanda ya kamata a taɓa shi da dalili, ya zama abin wasan yatsa. Amma wanda aka fi yin sakaci da shi shi ne sauti. Tsarin otomatik yana ƙara ƙarfin ji idan wuri ya yi shiru, ya danne shi idan an yi ƙara. Mawaƙi ya numfasa, sai kukan injin wuta da na babura su taso su cika wurin. Kalangu ya shigo, sai a murƙushe shi tare da muryar. Shirun da ɗan wasa ya yi da gangan, wanda wani lokaci ya fi magana nauyi, sai ya koma hayaniya. A al'adar da fasaharta ta fi zama a baki, wannan asara ce babba.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage, kuma tarihinta yana da abin cewa. Jean Rouch, wanda ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya fara ɗaukar fim ne a tafiyar da suka yi cikin kwalekwale a kan kogin Kwara a 1946 zuwa 1947, da kamarar Bell & Howell ta milimita 16 wadda ake ɗaure wa zare kamar agogo. Kamar yadda shi kansa ya sha ba da labari, sandar kamarar mai ƙafa uku ta salwanta a hanya, dole ya koyi ɗauka a hannu. Ɗaurin kamarar ba ya kaiwa rabin minti, saboda haka kafin ya danna sai ya san abin da yake nema da inda zai tsaya. A 1971, a ƙauyen Simiri na Zarmaganda, ya ɗauki Tourou et Bitti a ɗauka guda ta kusan minti goma ba yankewa, yana tafe da ƙafa cikin fagen masu bori, Moussa Hamidou na biye da shi da na'urar sauti. Abin lura a fim ɗin shi ne cewa duk matsowar da hoto ya yi, ƙafar mutum ce ta yi ta. Mai kallo yana jin nisan da ke tsakanin mai ɗauka da makaɗa, yana jin lokacin da ya yi jinkiri da lokacin da ya kutsa. Mai zum daga nesa leƙe yake yi. Wanda ya tako da ƙafarsa ya yi sallama, an gan shi, an ba shi wuri.

Moustapha Alassane, wanda ya yi Aouré a 1962, da Oumarou Ganda, wanda fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972, duk sun yi aiki a zamanin da kowace daƙiƙa ta fim kuɗi ce, kuma mai ɗauka ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan an wanke. Ba a fatan komawa wannan wahala. Sai dai wahalar ta tilasta musu wata tarbiyya da sauƙin yau ya ɗauke mana, wato yanke shawara kafin danna maɓalli. Waɗanda suka biyo baya a zamanin dijital sun nuna cewa tarbiyyar ba ta mutu ba. A fim ɗin Sani Magori na 2008 a kan manoman albasar Galmi, da fim ɗin Aïcha Macky na 2021 mai suna Zinder, wanda ya shiga cikin samarin unguwar Kara-Kara, rana ita ce dai ranarmu, fata ita ce dai fatarmu, amma fuskokin suna nan a bayyane, ana karanta abin da ke cikinsu.

Akwai mai cewa: ai ƴan koyo ne, in an ɗora musu duk wannan lissafi za su tsorata su bari. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba daidai ba ne a mai da otomatik abin ƙyama. Akwai abin da ba ya maimaituwa. Hawan salla ba ya jiran kowa, kuma yaron da ya tsaya neman maɓalli har dawakai suka wuce ya yi asarar da ta fi dushewar hoto. A irin wannan wuri, inda haske ke canjawa kowane taki, barin kamara ta taimaka hikima ce. Amma wasan kwaikwayo, da hira da dattijo, da waƙar da aka shirya, duk a hannun mai ɗauka suke. Ana iya zaɓen wuri, a zaɓi lokaci, a maimaita. Wanda ya bar wa na'ura hukunci a nan ba shi da uzuri. Abin da ake nema ga ɗan koyo shi ne ya san dalilin da ya sa ya zaɓi wannan tsari a wannan wuri, ko da otomatik ɗin ya zaɓa.

Akwai kuma laifin da ke ɗaya gefen, na waɗanda suka fara sanin maɓallai. Kamarori da yawa suna da abin da suke kira tsarin sinima: hoto 25 cikakku a daƙiƙa, maimakon rabi-rabi 50 na tsohuwar telbijin, haɗe da faɗin allo na 16:9. Wasu tsofaffin kamarorin ma ba su da faɗin na gaskiya, baƙin layi kawai suke shimfiɗawa sama da ƙasa, su yar da kashi ɗaya cikin huɗu na hoton. Samari suna son wannan tsari don yana kama da fina-finan Indiya da na Amurka. Ga labari mai tafiya a hankali, ya dace. Ga kokowa kuwa, inda kaye ke faruwa cikin ƙiftawar ido, hoto 50 a daƙiƙa ya fi riƙe motsi. Tsarin da ake kira na wasanni shi ma yana da tarko, domin yana gaggauta ƙiftawar kamara har motsin rawa ya riƙa tsinkewa. Kuma da yake lantarkinmu yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kamarar da aka yo tsaraba daga Amurka, wadda aka gina a kan 60, takan sa hoto ya riƙa rawa a ƙarƙashin fitilar neyon, sai an daidaita ƙiftawarta da 50 ko 100. Baƙin layi a allo bai taɓa mai da raunin labari ƙarfi ba. Kyan ɗan maciji ne.

Zaɓin da ya fi tsada shi ne wanda ya yi kama da tattali. Kaset ɗin MiniDV na minti 60 yana ba da minti 90 idan aka sa shi a tsarin LP maimakon SP. Ƙungiyoyi masu ƙaramin ƙarfi sun yi ta amfani da wannan dama, ba tare da sanin cewa LP yana matse layukan da ake rubutawa a kan kaset ba ne, har ya zama wata kamara ba lallai ta karanta abin da wata ta rubuta ba. Yau an daina ƙera irin waɗannan kamarori, waɗanda suka rage suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, zafi da ƙura kuma suna cin kaset a cikin akwati. A kan waɗannan kaset akwai muryoyin mawaƙa da maroƙa da tsofaffi masu tatsuniya da suka riga mu gidan gaskiya. Araha ba ta ado. Duk ƙungiyar da ke da irinsu, ya kamata ta nemi kamara mai rai ta juye su a kwamfuta tun da sauran lokaci. Awa guda tana cin wajen gigabait 13, wanda a yau ba wani abu ba ne. Kuskuren nan kuma yana nan da ransa a sabuwar riga: rage ingancin hoto don kati ya ɗauki da yawa, ko ajiye kwafin da WhatsApp ya matse a share na asali.

Wayar hannu ta zo da nata tsarin, wanda ya fi na da shisshigi. Wayoyi da yawa suna da gyaran fuska da ke sulɓe fata, wani lokaci ya ƙara mata haske, kuma a wasunsu a kunne yake zuwa. Tsohuwar kamara ta ɓoye fuskar dattijo cikin duhu bisa kuskure; wannan kuwa goge ta yake yi da sunan ado, ya share tamoji da tsaga, wato shekaru da asali.

Nan ne aikin malamai da shugabannin ƙungiyoyi yake. Darasin farko na kulob ɗin fim bai kamata ya wuce wannan ba: a ɗauki mutum guda, a wuri guda, sau biyu, ɗaya a otomatik ɗaya da saitin hannu, a nuna wa yara su faɗi wanne ne ya fi kama da wanda suka sani. Alƙalan gasa kuma su daina yafe dushewar fuska da sunan rashin kayan aiki, su riƙa tambayar mai fim a kan me ya auna haskensa. Tsohon da ya yarda ya zauna gaban kamarar ɗalibi amana ya ba shi, kuma mafi ƙarancin haƙƙinsa shi ne jikokinsa su gane fuskarsa, su ji muryarsa.