Jinjina ga Masu Bin Sawun Gwagwarmayar Talakawa

A watan Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi. Kafin Nuwamba ya ƙare, sojoji da mafarauta da 'yan banga sun ƙwato shi. Rediyo ta faɗa, ta wuce. Amma wa ya tara mafarautan nan? Wa ya ciyar da su? Me ke sa talaka ya bar gonarsa ya bi ayari?

Masu bin irin waɗannan tambayoyi su nake yi wa jinjina. Aikinsu ba ya kawo kuɗi: zama da tsofaffi, tonon tsofaffin takardu a Gidan Arewa na Kaduna, jure zargin cewa ɗan leƙen asiri ne kai.

Daga cikinsu, Farfesa Kyari Mohammed ya yi nazarin wa'azin Boko Haram da dabarunta daga Yola, wutar na ci kusa da shi. Paul Lubeck ya nuna yadda kuɗin fetur ya karya sana'o'in gardawa kafin rikicin Maitatsine na Kano a 1980, wanda ya iso Jimeta a 1984. Alkasum Abba kuwa, a Zariya, ya rubuta tarihin NEPU, jam'iyyar talakawa da aka kafa a Kano a 1950.