Dariya Mai Barin Tabo: Nazarin Gajerun Labarun Gogol

Akwai wani irin littafin gajerun labaru wanda mai karatu zai buɗe don nishaɗi, ya yi ta ƙyalƙyala dariya, amma kafin ya rufe shi sai ya ji jikinsa ya yi sanyi. A cikin marubutan da suka iya wannan salo da wuya a sami wanda ya kai Nikolai Gogol, wanda aka haifa a Yukiren a 1809, ya rasu a Mosko a 1852. Labarunsa na birnin Fitasbag, hedkwatar daular Rasha a wancan zamani, ba su fito a lokaci ɗaya ba. "Kundin Mahaukaci" ya fito a 1835, "Hanci" a 1836 cikin mujallar Pushkin, "Rigar Sanyi" kuma a 1842. Daga baya ne aka riƙa haɗa su da wasu cikin littafi guda.

Kafin a gane su sai an san ƙasar da suka tsiro. A 1722 Sarki Bitrus Mai Girma ya kasa ma'aikatan gwamnati hawa 14, kowane hawa da tufarsa da irin gaisuwar da ake yi masa. Gogol kansa ya taɓa aikin ƙaramin akawu a Fitasbag, saboda haka ya san yadda tsanin nan yake danne na ƙasa.

A labarin "Hanci", wani wanzami ya tsinci hancin mutum cikin burodin karin kumallonsa. Mai hancin, Kobaliyof, ma'aikaci mai hawa na 8, ya farka ya tarar fuskarsa sumul. Da ya fita nema, sai ya ga hancin nasa yana yawo cikin keken doki, sanye da tufar mai hawa na 5. Abin dariyar shi ne Kobaliyof ya rasa yadda zai tunkari hancinsa, domin ya girme shi a muƙami. Gogol bai damu da bayyana yadda hanci ya gudu ba, ya ba da labarin kamar mai rubuta rahoton ofis. Da haka mai karatu zai lura cewa hanci mai tafiya da ƙafa bai kai garin da ke gaida tufa ba ya duban wanda ke cikinta ban mamaki ba.

"Rigar Sanyi" ya fi shiga rai. Akaki akawu ne mai hawa na 9, albashinsa rubul 400 a shekara, ba shi da abin so a duniya sai kwafar takardu. Abokan aikinsa suna yayyaga takarda su zuba masa a ka, mai karatu ma yana taya su dariya, gama Gogol ya zana shi abin dariya tun daga sunansa. Can sai wani saurayi sabon ma'aikaci, wanda ya shiga sahun masu tsokana, ya ji muryar Akaki yana roƙon a ƙyale shi, ya tsaya cak, abin kuma bai bar zuciyarsa ba har bayan shekaru. Nan tarkon yake. Wanda ke riƙe da littafin ya riga ya yi dariya, ba shi da halin cewa babu hannunsa.

Rigar Akaki ta mutu, tela ya ƙi yi mata faci, sabuwa kuma rubul 80 ce. Ya daina shan shayin dare, ya daina kunna kyandir, yana taka ƙasa a hankali don kada takalmi ya cinye. Ranar da ya fara sa rigar, a daren nan ɓarayi suka tuɓe masa ita. Ya kai kuka wurin wani babban mutum, shi kuwa ya daka masa tsawa don ya burge abokinsa da ke zaune. Akaki ya koma gida cikin sanyi, zazzaɓi ya kama shi, ya mutu. Sai bayan ƴan kwanaki ofis ya ji labari, kashegari wani ya hau kujerarsa.

Masu nazari sun rabu a kan labarin nan. Na zamanin Gogol da yawa sun ɗauke shi kukan talaka ne a kan azzalumai. Nabokof, cikin littafinsa na 1944, ya ƙi wannan fahimta, yana ganin darajar labarin tana cikin harshensa da baƙuwar duniyar da ya gina. Kowannensu ya kama gefe ɗaya ne. Da tausayi ne zalla, da labarin ya zama wa'azi, mai karatu ya share hawaye ya tashi yana ganin kansa mutumin kirki. Da wasa ne zalla, da an manta shi kafin gari ya waye. Haɗuwar biyun ce ta hana mutum sakewa. Ko a "Kundin Mahaukaci", inda akawu mai fiƙe alƙaluma yake karanta wasiƙun karnuka har ya naɗa kansa sarkin Sifen, bayan ya yi kiran mahaifiyarsa cikin azabar gidan mahaukata sai ya rufe da wata maganar shirme a kan hancin sarkin Aljeriya. Gogol bai bar kuka ya yi maganar ƙarshe ba, bai kuma bar wa dariya ba.

Labarun ba su rasa aibi ba. Gogol yakan saki hanya ya bi wani zance har mai karatu ya ƙosa, mata kuma a wurinsa kusan inuwa ce kawai, ba su da murya tasu. Fatalwar Akaki da ta dawo tana fizge rigunan manya ta ba da daɗin ramuwa, amma ba ta gyara komai ba, gama adalcin da ya zo bayan kabari bai ɗumama mai rai ba.

Duk da haka littafin ya cancanci karatu, har da maimaitawa. Ko'ina aka sami ofis da layi da hatimi, akwai wani Akaki a lungu wanda ba a san da shi ba sai ranar da kujerarsa ta zama wofi. Gogol bai umarci kowa ya ƙaunaci maƙwabcinsa ba. Ya bar mai karatu ya yi wa maƙwabcin dariya tukuna, sa'an nan ya bar shi da kunyarsa.