Gaggawar Wallafa da Gurbin Mai Tacewa: Sharhi a kan Littattafan Waya a Yankin Gaya

1.0 Gabatarwa

A yau marubucin Hausa ba ya bukatar maɗaba'a kafin littafinsa ya isa ga jama'a. Malamar makaranta ko ma'aikacin asibiti ko matar aure mai hidimar gida, kowane na iya rubuta shafi biyu da dare a wayarsa, kafin asuba an karanta shi a Kano da Maraɗi da Yamai. Manufar wannan maƙala ita ce duba abin da wannan gaggawa ta haifar ga harshen waɗannan littattafai, musamman idan aka dube su daga Gaya ta jihar Doso. Ra'ayinmu shi ne, aibin da ake gani a cikinsu ya samo asali ne daga ɓacewar mutum guda daga cikin aikin, wato mai tacewa, wanda yake karanta rubutu kafin jama'a su gan shi.

Mun zaɓi Gaya ne saboda matsayinta. Garin yana bakin kogin Kwara, gada ce ta haɗa shi da Malanbil ta ƙasar Binin, kuma Kamba ta jihar Kebbi ba ta da nisa da shi. Ana jin Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci a kasuwarsa. Mai karatun Gaya ya koyi boko da Faransanci, maƙwabcinsa na Kamba ya koya da Ingilishi, alhali littafi ɗaya suke karantawa. Saboda haka duk ɓarakar da ke cikin rubutun Hausa, a nan take fitowa fili.

2.0 Daga Zariya zuwa wayar hannu

Ƙagaggun labaran Hausa na boko sun faro ne a hannun hukuma. Gasar da Dokta R. M. East ya shirya a 1933 ita ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Bayan haka aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, sannan NNPC a 1966. A wannan zamani littattafai kaɗan ne suke fitowa, amma kowane sai ya bi ta hannun masu gyara.

Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗinsu a Kano. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun nuna cewa akwai masu karatu da yawa waɗanda kamfanoni ba su kula da su ba. A shekarun 1990 masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun yi doguwar muhawara a kan darajar wannan adabi na kasuwar Kano. Duk da haka, ko a lokacin akwai mai buga keken rubutu ko kwamfuta, akwai mai maɗaba'a, akwai kuma ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama inda ake duba wa juna aiki.

Mataki na uku shi ne wanda muke ciki. Wattpad ya fito a 2006, tsarin Amazon na wallafa wa kai a 2007, OkadaBooks kuma a Nijeriya a 2013. Amma mafi yawan marubutan Hausa ta zaurukan WhatsApp da Facebook suke sakin labaransu, shafi bayan shafi. Akan ba da shafukan farko kyauta, wanda ya so ci gaba ya biya ta asusun banki ko katin waya, a saka shi a zauren waɗanda suka biya. Tsakanin yatsan marubuci da idon mai karatu babu kowa.

3.0 Abin da harshe ya fuskanta

Misalan da ke ƙasa mu muka tsara su, bisa irin abin da duk mai bibiyar waɗannan littattafai yake cin karo da shi kullum.

3.1 Baƙaƙe masu ƙugiya da rabon kalmomi

Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi aiki a kan daidaita rubutun Hausa, kuma a 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da ƙa'idojinsa. Baƙaƙen ɓ, ɗ, ƙ da ƴ (wanda ake rubuta shi 'y a Nijeriya) suna cikin tsarin. Marubuci mai sauri yakan tsallake su, ya kuma manne kalmomi. Dubi wannan jimla:

(1) Ya bata kudi a fada.

Ana iya fahimtarta ta fuska huɗu: ya ba ta kuɗi, ko ya ɓata kuɗi, a fada wurin sarki, ko a faɗa wurin rigima. Haka kuma:

(2) Saida yaya suka yi.

Shin sai da yaya aka yi abin, wato da ƙyar, ko kuwa sayar da ƴaƴa suka yi? Wanda ya tashi da Hausa yakan gane daga abin da ya gabata. Amma Badande ko Bazabarme na Gaya, wanda Hausa harshensa na biyu ce, shi ne yake tuntuɓe. A da ana kafa hujja da cewa keken rubutu ba shi da waɗannan baƙaƙe. Yau wannan uzuri ya faɗi, domin allon rubutu irin Gboard yana da tsarin Hausa, kuma kyauta ne.

3.2 Karon Faransanci da Ingilishi

Wannan matsala ta kan iyaka ce. Wanda ya yi lakwal, idan ba a koya masa rubutun Hausa ba, zai rubuta "tchikin guida" a madadin cikin gida, da "kouka" a madadin kuka. Wannan da sauƙi, ana ganewa. Inda abin ya yi tsanani shi ne tagwan baƙin "ch". Ɗan lakwal yana nufin sh da shi, ɗan makarantar Ingilishi kuma yana nufin c.

(3) Chan ruwa ne.

A Gaya za a karanta shan ruwa ne, a Kamba kuma can ruwa ne. Haka "chi" take zama shi a wannan ɓangare, ci a wancan. Ƙa'idar rubutun Hausa ba ta da "ch" ko kaɗan, kuma da ma dalilin daidaitawar shi ne kada iyakar da Turawa suka shata ta raba masu harshe ɗaya a kan takarda.

3.3 Karin harshe

Hausar da ake ji a wannan yanki ta yamma ce, ƴar'uwar Kabanci da Arewancin Dogon Dutsi. Ana cewa sunka tahi, munka ishe shi, mi kaka so, biyat, ɗiya. Marubucin da ya fito daga nan ya san kasuwarsa mafi girma tana gabas, sai ya yi ƙoƙarin rubuta Kananci, amma gaggawa ta hana shi tsayawa a kan ɗaya:

(4) Da sunka iso gida suka tarar ya tahi, sai ta faɗa masa ta waya.

A jimla guda an gwama sunka da suka, an gwama tahi da faɗa. Ba mu ce a kori karin harshe ba. Hasali ma, ɗaya daga cikin manyan alfanun waɗannan littattafai shi ne sun shigar da maganar mutane ta yau da kullum cikin rubutu fiye da yadda kamfanonin Zariya suka taɓa yi, har da kalmomin aro na Nijar irin su lakwal da mushe da kaye. Abin da muke nema shi ne tsari: bayanin mai ba da labari ya tafi da daidaitacciyar Hausa, bakin taurari kuma ya fito da karin garinsu, kowane tauraro ya riƙe nasa har ƙarshe. A nan karin harshe zai zama gwaninta.

4.0 Abin da zubi ya fuskanta

Sakin labari shafi-shafi yana da nasa tasiri. Abin da aka saki ya saku, ba a iya komawa a gyara shi. Shi ya sa akan ga tauraron da aka ce maraya ne a farko, can gaba mahaifinsa ya bayyana ba tare da bayani ba. Masu karatu kuma suna matsa wa marubuci kullum, wasu su ce a kashe wance, wasu su ce a aurar da wane. Tun da yawan shafuka yana cikin abin da ake tallata littafi da shi, sai labarin da ya isa a gama a babi 20 ya kai 80, ana cike gurbi da kwatancen tufafi da motoci da girke-girke.

Sai dai kada mu ɗora wa sauri laifin da ba nasa ba. A Faransa, tun 1836 jaridu suke buga labarai kashi-kashi. Balzac da Eugène Sue da Dumas duk sun yi rubutu jarida na jiransu, kuma an san Balzac da cika gefen takardun gwaji da gyare-gyare har masu maɗaba'a su koka. Abubakar Imam ma cikin watanni kaɗan na 1936 ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, amma East yana kusa da shi yana dubawa. Bambancin da ke tsakaninsu da marubucin waya shi ne ido na biyu. Laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani.

5.0 Shawarwari

Mun san marubucin da muke magana a kansa ba shi da lokaci kuma ba shi da kuɗin ɗaukar ma'aikaci. Don haka shawarwarinmu ba su wuce abin da zai iya ba:

(a) Ya saka allon rubutu na Hausa a wayarsa.

(b) Ya riƙa gabatar da rubutunsa da aƙalla babi biyar kafin ya fara saki, domin kowane babi ya kwana, a sake karanta shi da ƙarfi. Kunne yakan kama abin da ya kuɓuce wa ido.

(c) Marubuta biyu su yi musayar aiki, zai fi kyau ɗaya daga wannan gefen iyaka, ɗaya daga wancan. Ɗan Gaya zai ga abin da ya shige wa ɗan Birnin Kebbi duhu, shi ma haka.

(d) Idan labari ya ƙare, a ɗauke shi a matsayin zubin farko. A haɗa shi, a rage, a gyara, sannan a fitar da shi a matsayin littafi, da sunan marubuci da shekara.

(e) A ajiye kwafi a wajen waya. OkadaBooks ya rufe a ƙarshen 2023, kuma zauren WhatsApp ba ɗakin ajiyar littattafai ba ne. Ya kamata cibiyoyin bincike, waɗanda suka daɗe suna tattara rubuce-rubucen ajami, su fara tattara waɗannan ma da izinin masu su.

6.0 Kammalawa

A watan Maris na 2025 kundin da aka kafa a Nijar ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Amma ɗimbin matasan da suke karanta Hausa ba a aji suka koyi rubuta ta ba, tun da makarantun da ke koyarwa da harsunan gida, waɗanda aka fara gwajinsu a 1973, ba su game ko'ina ba. Abin da idonsu ya saba gani a waya shi ne zai zame musu ƙa'ida. Wannan ya sa marubutan waya suka zama malaman rubutu, ko sun sani ko ba su sani ba. Aikin masanin harshe shi ne ya je inda suke, ya taƙaita musu ƙa'idojin nan a shafi biyu ko uku masu sauƙin aikawa ta waya, ya kuma yarda ya duba musu babi idan sun nema.